A Bar Ta

Masu shirya gawa suna cikin rataya labulen makoki mai ratsin baƙi da fari a jikin katangar gidan, sai wata mata ta zo wucewa riƙe da hannun 'yarta. Yarinyar ta ja ta tsaya, ta nuna labulen da yatsa.

"Mama, kalli, panda!"

Uwar ta toshe mata baki, ta rusuna wa ƙofar da ba kowa a bakinta, ta ja ta suka yi gaba da sauri. Amma Kinue ta ji. Tana durƙushe a ɗakin ciki kusa da ƙanwarta Mitsuyo, wadda aka kawo daga asibiti da rana tsaka, aka shimfiɗe ta a kan tabarma kanta na kallon arewa, aka rufe mata fuska da farin ƙyalle.

"Kin ji ko?" Kinue ta ce wa gawar. "Ko labulenki ba su ƙyale ba."

Ta ɗaga kai don ta ga ko turaren wuta ya kusa cinyewa, sai idonta ya faɗa kan agogon bango. Saura kaɗan biyar ta buga.

A jikin katangarsu akwai dogon turken ƙarfe mai lasifika a samansa. Irinsa suna nan ko'ina a garin, daga bakin teku har gindin dutse. Kullum ƙarfe biyar na yamma ofishin gari yake kunna su, don yara su san lokacin komawa gida ya yi, don kuma a tabbata suna aiki ranar da teku zai taso wa gari. Sauran garuruwa ƙararrawa suke sakawa. Wannan garin Mitsuyo yake sakawa.

Shekarar da aka fara kawo panda, dabbar nan mai baƙi da fari, ƙasar, mutane kamar sun zauce. Mitsuyo tana 'yar shekara shida, haƙoranta na gaba sun zube. Wani mutum daga kamfanin faifai na Tokyo ya sauka a masaukin da uwarsu take wanke-wanke, ya ji yarinyar tana 'yan waƙe-waƙenta a bakin rijiya, ya ce a ba shi aronta. Ubansu ya kai ta a jirgin ƙasa, aka tsayar da ita a kan akwati don bakinta ya kai abin magana, ta rera abin da aka koya mata.

Panda, Panda, mai cin gora,
Baƙin ido, farin tumbi,
Mun zo daga nesa, mun sha layi,
Juyo, juyo mu gan ki.

Sai dai saboda giɓin bakinta ba ta iya cewa gora ba, gola ta ce. Aka sake, ta sake cewa gola. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ce haka ma ya fi. Da aka gama ubansu ya kai ta gidan namun daji, suka wuni a layi cikin sanyi. Da suka iso gaban gilashin, masu gadi na ta ihu kada wanda ya tsaya, dabbar kuwa barci take, ta juya wa duniya baya. Abin da Mitsuyo ta gani na panda a duk rayuwarta ke nan, ɗuwawu mai dauɗa.

Faifan ya shiga kowane gida. Aka ɗinka mata hula mai baƙaƙen kunnuwa, aka riƙa yawo da ita saman manyan kantuna da wuraren biki. Haƙoranta suka fito, ta iya cewa gora sarai, amma ba wanda yake son ji. Tana budurwa gola take cewa, ta haura hamsin gola take cewa, jama'a na tafi. Ana kiran irinta pandar jawo mutane, wato wanda ba shi da wani amfani sai tara jama'a a ƙofar shago. A gabanta ake faɗa, ita ma ta taya su dariya.

Makon da ya wuce, a gadon asibiti, ta kama hannun Kinue.

"Yaya, abu ɗaya nake so."

"Na sani, kada a lafta miki hoda."

"Wannan ma. Amma idan na mutu, kada a kunna waƙar nan a kaina."

"Wa zai kunna miki?"

"Duk garin. Kin san halinsu. Miƙo yatsanki."

Suka sarƙe ƙananan yatsunsu kamar yara. Kinue ta yi alkawari da zuciya ɗaya, don tunaninta yana kan ranar jana'iza da masu son kawo rediyo. Turken da ke jikin katangarsu bai faɗo mata a rai ba ko kaɗan. Wanda ya yi shekara talatin a ƙarƙashin abu, mantawa yake yi da shi.

Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta jawo ƙyauren katako ta rufe tagogi duka. Ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Lasifikar ta yi 'yar ƙarar da take yi kafin ta fara. Kinue ta dawo da rarrafe, ta zura hannayenta ƙarƙashin farin ƙyallen, ta toshe kunnuwan ƙanwarta da tafukanta.

Kunnuwan sun yi sanyi kamar kifin safe. Masu shirya gawa sun riga sun sa musu auduga, tana jin ta a tafinta. Muryar ta ratso katako da tsumma ta cika ɗakin, 'yar siririya, mai murna, mai giɓi. Kinue ta ƙara dannawa har ta ji ƙashin kan. Haka ta zauna, hannunta a kan mai shekara kusan sittin, mai shekara shida na waƙa a waje, har aka gama.

"Yi haƙuri," ta ce. "Ta yau ta kuɓuce mini. Gobe ba za a yi ba."

Da safe ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da gawar, ta ɗaura baƙin gyale, ta kama hanyar ofishin gari. Dole sai ta bi ta layin shaguna. A shagon Genzo, shugaban 'yan kasuwar layin, an jera burodin wake mai fuskar panda a bayan gilashi, talabijin kuma na nuna Tokyo. A makon nan za a mayar da panda biyu na ƙarshe ƙasar Sin. Ga mutane nan a layi, manya da furfurarsu, rungume da 'yar tsanar panda, suna share hawaye a gaban mai ɗaukar hoto.

"Kinu! Ke Kinu, tsaya mana. Za ki wuce kamar ba ki san ni ba?"

"Na san ka tun kana fitsarin kwance, Gen. Me kake so?"

Genzo ya fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa. Idonsa ya yi ja. Ya rusuna, ya yi mata sannu da rashi yadda ya kamata, sannan ya tsaya yana murza yatsu.

"Mutanen talabijin sun bugo mini. Kin ga yadda abin ya zo, panda za su tafi, ita ma Mitsu ta tafi, a mako ɗaya. Suna so su zo ranar da za a fita da ita. Matan layin nan za su jeru su rera mata waƙarta, a raka ta da ita. Ba wani hayaniya, cikin natsuwa."

"A'a."

"Ki bari in gama mana."

"Ka gama. A'a."

"Haba Kinu, duk ƙasar nan kuka take."

"Su yi kukan dabbarsu. Ni ƙanwata ce ta mutu."

Genzo ya girgiza kai. "Ke dai bakinki tun muna makaranta kamar wuƙar fasa kifi. Mitsu ta faranta wa mutane rai. Duk bikin da na kai mata hular nan, da murmushi take hawa dandamali."

"Da murmushi take sauka ta zaga bayan rumfa ta yi amai. Ni nake riƙe mata hular. Ka taɓa tambayarta ko tana so?"

"Ba ta taɓa cewa ba ta so ba."

"Wa ya taɓa ce maka a'a a garin nan ban da ni?"

Ya juya ya dubi burodinsa da ke jere suna kallonsa da baƙaƙen idanu. Kinue ta wuce.

A ofishin gari aka tura ta hawa na biyu, wurin masu kula da lasifika. Wani ma'aikaci mai suna Nagamine, siriri mai tabarau, ya jawo mata kujera, ya kawo mata shayi. Ya ce shi ma da waƙar ya tashi, da ya ji ta yake barin ƙwallo ya ruga gida.

"To, ita na zo a kashe," in ji Kinue. "Ba har abada ba. Har a ƙona ta kawai. Jibi ne, don gobe ranar ja-aboki ce, gidan ƙona gawa a rufe yake, ba a jana'iza kada mamaci ya ja wani. Tana gida yau, tana gida gobe. Turkenku kuma a kanta yake."

Nagamine ya ja numfashi ta tsakanin haƙoransa. "Inna, abin da ɗan wuya. Lasifikar nan ba a barinta ta kwana ba a gwada ba. Idan ta mutu ba mu sani ba, teku ya taso..."

"Ban ce ku yi shiru ba, ɗan nan. Ku sa ƙararrawa, ku sa kukan kare, ku sa muryarka. Ban da ita."

"Canzawa sai da izinin magajin gari, shi kuma yana babban birni, sai dare zai dawo."

"Ba shi da waya?"

"Inna, ba irin maganar da ake yi a waya ba ce."

Kinue ta dube shi. Ta yi shekara arba'in tana fasa kifi tana shanyawa, ba ta saba da irin wannan ɗakin ba, ba ta san wace kalma ce take buɗe shi ba. Ta ajiye kofin, ta zame daga kan kujera, ta durƙusa a ƙasa, ta kai goshinta kan siminti.

"Inna! Don girmanku ku tashi! Mutane na kallo!"

"Na sarƙe yatsa da ita."

Ya ɗago ta. Ya ce gobe da sassafe shi da kansa zai tare magajin gari a bakin mota. Ta yau kam, ya sunkuyar da kai.

Da yamma matan unguwa suka cika ɗakin girki, suna dafa abin da za a ci daren zaman gawa. Kinue ta rufe tagogi kamar jiya, ta durƙusa, ta sa tafukanta inda ta sa su jiya. Da lasifikar ta fara, sai ƙarar wuƙaƙe ta tsaya a ɗakin girki. Can sai ta ji wata ta fara bin waƙar ƙasa-ƙasa, wata ta kama, muryoyin tsofaffi masu rawa, har da gola ɗin. Ba da mugunta suke yi ba. Kuka suke. Kinue ta so ta daka musu tsawa, amma ba ta iya sakin kunnuwan ba.

A nan ne ta kama kanta tana jira. Tsakanin baiti na farko da na biyu akwai wurin da yarinyar take jan majina kafin ta ɗauki numfashi, ɗan kaɗan, wanda bai sani ba ba zai ji ba. Mura take yi ranar da aka kai ta Tokyo. Kinue ce ta cusa mata hankici a aljihu, ta ce ta riƙa sharewa kada ta ba su kunya. Ba ta share ba.

Shekarun da Mitsuyo take Osaka, wurin mijin da ya aure ta don ta tsaya masa a ƙofar mashayarsa, ba waya ba aike, wannan jan majinar ce kaɗai take zuwa gidan kullum. Da Kinue ta ji ta sai ta ce, "Share hancinki, ƙazama," sannan ta tashi ta ɗora shinkafa. Da jama'a suka daina taruwa a mashayar, mijin ya sallamo ta, ta dawo da jaka ɗaya da haƙori ɗaya a karye. Ranar da ta dawo ta ɗauki faifan da uwarsu ta adana, ta karya shi a gwiwa. Daga nan kullum biyar saura kaɗan Mitsuyo take shiga banɗaki ta sake famfo da ƙarfi, Kinue kuma ta tsaya a ɗakin girki ita kaɗai, ta ce abin da ta saba cewa, a hankali yadda ba za a ji ba.

Jan majinar ta zo, ta wuce. Bakin Kinue ya motsa, ta cije leɓe.

Kashegari gidan ya rikice. Masu shirya gawa sun kawo akwati, ya ƙi shiga ta ƙofar ɗaki sai an cire ƙyaure. Malamin haikali ya aiko a tambayi sunan da za a rubuta. Wata tana neman inda aka ajiye kofuna. Kinue tana tsaye a tsakar gida riƙe da farar rigar da za a sa wa gawar, sai ga Nagamine da baƙar kwat, yana haki.

"Inna, magajin gari ya amince. Yau ƙararrawa za a sa."

Kinue ta rusuna masa. "Sannu, ɗan nan. Sannu."

"Sai dai ya ce in tambaye ku. Bayan an gama komai, ita waƙar, yaya kuke so a yi da ita?"

Daga ciki wani ya ƙwala mata kira, wai ta zo ta nuna ɓangaren akwatin da za a fara shigarwa. Kinue ta riga ta juya. Abin da ya shekara talatin a wurinsa, me za a yi da shi? Ya koma inda yake.

"A bar ta," ta ce.

Nagamine ya dube ta. Sannan ya rusuna ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Mun fahimta, Inna."

Ƙarfe biyar, mutane sun fara taruwa, Mitsuyo na cikin akwati da furanni kewaye da fuskarta, lasifikar ta yi 'yar ƙararta. Kinue ta riƙe numfashi. Sai ƙararrawa ta sauko, sau huɗu a hankali, ta sake huɗu, ta ɗauke. Mutane suka dubi juna. Wata tsohuwa ta duba agogonta. Kinue ta sunkuya kan akwatin kamar mai gyara fure.

"Biyu sun kuɓuce mini," ta raɗa mata. "Ta ukun na kama."

Da safe aka fita da ita. Ba mai ɗaukar hoto, ba mata a jere. Genzo ne ya sallame su, Kinue ba ta tambaye shi yadda ya yi ba. Motar gawa ta danna doguwar ƙararta, aka tafi. A gidan ƙona gawa, da aka jawo farantin ƙarfe da abin da ya rage, ma'aikacin ya miƙa sandunan tsintar ƙashi, ya dubi Kinue, ya dubi bayanta. Mutum biyu ke ɗaga ƙashi ɗaya, su kuwa ba su da sauran dangi. Genzo na tsaye can baya.

"Zo nan, Gen," ta ce. "Ka yi amfani yau."

Ya zo. Ya kama sandunan, ƙashin ya kusa faɗuwa.

"Riƙe da kyau, ba burodi ba ne."

"Na riƙe. Kinu, ban sani ba. Da na sani..."

"Ka sani yanzu. Ɗaga."

Ta dawo gida rungume da ƙaramin akwatin ƙasusuwan naɗe da farin zane, da sauran ɗuminsa. Ta ajiye shi gaban ma'ajin tunawa da iyayensu, ta kunna turare. Da yamma ƙararrawa ta buga, ta ce a ranta ai yau ce ranar jana'iza, sun kyauta. Kashegari aka kwance labule, gidan ya yi faɗi. Biyar saura kaɗan ta tsinci kanta a ɗakin girki, hannu a kan tukunya. Ƙararrawa. Ta ce wataƙila sun manta. Rana ta biye, ƙararrawa. Shinkafar ranar ba ta ɗora ba.

Maƙwabciyarta ce ta shigo da kwanon miya tana yaba mata.

"Kin yi ƙoƙari, Kinue. Ni da ba zan iya ba. Mun gani a talabijin, bayan an nuna motar da ta ɗauki panda. Magajin gari ya ce dangi sun roƙa a bar waƙar, ta huta tare da mai ita. Har mai karanta labarai sai da muryarta ta sarƙe."

"A bar ta?"

"Haka ya ce. Wai ke da bakinki."

Kinue ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ta sa takalmi ba ta ko canza riga ba.

Ba ta son bi ta layin shaguna, sai ta yanke ta hanyar dutse, wadda take hawa ta bayan haikali ta gangara ofishin gari. Tana tafe tana shirya maganar. Ba wani abu ba ne mai wuya. Yaron bai ji daidai ba, ita ma ba ta faɗa daidai ba. An ƙona gawa, alkawari ya cika, a mayar mata da abinta.

Hawan ya ci ƙarfinta, ta tsaya ta huta a jikin katangar maƙabartar haikali. Daga nan tana hango dutsen kabarin gidansu, na uku daga itacen da ke kusurwa, inda ƙasusuwan uwarsu da ubansu suke, inda za a kawo na Mitsuyo idan kwanakin makoki sun cika. Ta ga ciyawa ta fito a gefensa, ta ce sai ta zo da lauje. Ta dafa ƙarfen da ke kusa da ita don ta miƙe, sanyinsa ya shiga tafinta, ta ɗaga kai.

Turken lasifika ne. Bakuna uku gare shi, ɗaya na kallon teku, ɗaya na kallon makaranta, na ukun ya sunkuyo kai tsaye kan duwatsun kaburbura.

Ta yi ta wucewa ta nan tun tana da ƙarfinta, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta tsaya tana kallon bakin nan na uku, ta dubi dutsen gidansu, ta sake duban bakin. Mitsuyo ba ta ce har a ƙona ni ba. Ba ta ce ranar jana'iza ba. A kaina ta ce. Kinue ce ta yanka maganar daidai yadda za ta iya ɗauka.

Duk da haka ƙafafunta suka ci gaba da gangarawa, don sun riga sun ɗauko hanya.

Nagamine na ganinta ya miƙe. Ya jawo mata kujerar ranar nan, ta ƙi zama.

"Ɗan nan, da na ce maka a bar ta..."

Ta tsaya. Ya dube ta, ya dubi rigar gida da ke jikinta da takalmin da ta sa a karkace. Fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Ko ba haka kuke nufi ba, Inna?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Idan ni na ji ba daidai ba, ku faɗa mini. Waƙar tana nan, ba a goge ta ba. Gobe ma ana iya mayar da ita. Kunyar tawa ce, ni zan shiga in ba magajin gari haƙuri. Ku ce kawai a mayar."

Kalma biyu ce. Suna bakinta tun daga gida, ta hau dutse da su, ta sauko da su. Gobe ƙarfe biyar sai yarinyar ta dawo da murarta, da giɓinta, jibi ma haka, har ranar da za a kai Kinue ita ma bayan haikali. A bayansu wata na'ura na ta fitar da takardu, wani na dariya a waya.

"Haka nake nufi," ta ce.

Ya sauke numfashi, amma bai daina kallonta ba. "To, Inna, wani abu ne ya kawo ku?"

"Godiya na zo yi. Ka yi mini ɗawainiya."

Ta rusuna masa, ya rusuna. Har ta kai bakin matakala ya biyo ta.

"Inna, ko in kwafa muku ita? A 'yar ƙaramar na'ura, ku riƙa ji a gida ku kaɗai. Ba wanda zai sani."

Kinue ta kama ƙarfen matakalar da hannu biyu. Ba ta juyo ba.

"Mai waƙar tana gida," ta ce.

Ta sauka a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya. A waje rana ta faɗa bayan dutse, iska na kaɗowa daga teku. Yara na buga ƙwallo a filin da ke gaban ofishin. Tana tsakiyar filin lasifika ta yi 'yar ƙararta, ƙararrawa ta sauko. Yaran suka ɗauki ƙwallonsu da jakunkunansu, suka watse da gudu kowa ya nufi gida, kamar kullum.